Zumar Shu'aibu da Romon Lawali

Yahaya mai albasa ya mutu ya bar 'ya'ya maza biyu da lambu ɗaya. Da lambu biyu ya bari, ko ɗa ɗaya, da ban sami abin rubutawa ba.

Lambun yana bakin tabkin Madarumfa, inda ƙasa take baƙa ƙirin. In ruwa ya ja baya da rani sai ya bar laka mai maiƙo, ko sanda ka kafa sai ka ga kamar za ta yi ganye. Albasa, tattasai, taba, da ɗan rake a gefe. Rijiyarsa kuwa, in ka leƙa ka ga fuskarka kusa da kai. Duk garin ba lambu kamarsa, kowa ya sani, har waɗanda ba su son faɗa.

Ni sunana Haruna. Uwata ƙanwar Yahaya ce, saboda haka 'ya'yansa, Shu'aibu da Lawali, taubasaina ne: ni ɗan mace, su 'ya'yan namiji. Ina da damar in faɗa musu kowace irin magana a yi dariya a wuce. Ban shiga lakkwal ba, wato makarantar boko, allo ma ban yi nisa ba, amma na yi fataucin goro da fata da gyaɗa, na kwana Katsina, na kwana Kano, na kwana Damagaram. Na ga mutane da yawa suna jiran mutuwar juna. Ban ga waɗanda suka iya jiran kamar waɗannan biyu ba.

A wurinmu a wancan zamani, in uba ya mutu ba a raba gandu. Babba ya riƙe, ƙarami ya bi. In ƙarami ya mutu bai bar ɗa namiji ba, rabonsa ya narke cikin na babba, ɗiya mace ba ta taɓa ƙasa. Malamai sukan ce ba haka littafi ya ce ba, amma su ma haka suke riƙe gonakinsu. Hanya ɗaya ce mace take samun ƙasa: a raba tun ubanta yana raye, ya ɗauki nasa ya yi mata kyauta gaban shaidu.

Shu'aibu, babban, yana da ɗa namiji, Ɗan Azumi, har ya yi aure. Lawali ba shi da kowa sai Indo. Mijinta ya tafi ci-rani Kano bai dawo ba, ba saƙo ba saki, ta komo gidan ubanta da yara biyu. Matar Lawali ta daɗe da rasuwa. To, abin da Lawali yake so a duniya bai wuce a ja igiya a tsakiyar lambun nan ba, ya miƙa wa Indo nasa ɓangaren kafin a kai shi kushewa.

Kuma kowa na ganin kushewar ba ta da nisa. Lawali da can ƙato ne kamar yayansa. Sai ƙishirwa ta kama shi, irin wadda tulu guda ba ya kashewa. Ya sha ya zaga, ya sha ya zaga. Yana ci kamar gara yana ramewa kamar kara. Shu'aibu kuwa kullum ƙara faɗi yake. Wuya ya yi ninki, ido ja, murya in ya ɗaga ta a lambu masunta su ji ta a tsakiyar tabki. Kitse shi ne namansa, miya in ba ta yi gishiri har ta ciji harshe ba sai ya ture akushi, ga garin taba da kanwa a ƙunci daga safe har yamma.

Shi ne ya fara lura da kiyashi. Wata safiya ina lambun, na zo duba albasa, Lawali ya zaga bayan shinge ya dawo. Can sai muka ji Shu'aibu yana kira.

"Kai ɗan mace, taho ka ga ikon Allah! Ku ma ku taho!"

Maƙwabtan lambu suka yar da guga suka zo. Inda Lawali ya tsuguna, kiyashi sun yi baƙi, suna ta turereniya.

"Kun gani? Mu muna wahalar shuka rake, ashe ƙanena amya ya zama. Lawali, gobe ka yi cikin ƙwarya, a dama mana fura da shi."

Aka yi dariya. Lawali ma ya yi, don ƙarami ne. Amma na ga yadda ya riƙe ƙotar fartanya.

A ranar da yamma ya ce wa yayansa, a gabana, "Yaya, ina so a raba lambu."

"Mi ya yi zafi?"

"Ka ga jikina. Ina son in ba Indo nawa tun ina iya magana."

"To, ai ba laifi," in ji Shu'aibu. "Bari a cire albasa."

Aka cire albasa. Ya ce bari ruwa ya sauka a ga inda tabki zai tsaya bana. Ruwa ya sauka. Ya ce bari kaka ta wuce. Bai taɓa cewa a'a ba, ko sau ɗaya. Mutumin da ya ce maka a'a kana iya kai shi gaban mai gari. Wanda ya ce maka bari, ina za ka kai shi?

Da cinikin gyaɗa ya buɗe, na sama wa Lawali wuri a bayan kamyon, babbar motar da ke kai buhuna Maraɗi, don a duba shi a gidan likita. Lokacin an daina aikin dole, garin Maraɗi kuma ya riga ya hau tudu bayan ruwan da ya ci tsohon gari. Muna shirin hawa sai ga Shu'aibu da babbar riga.

"Ina zuwa haka, ubangidana?" na ce.

"In raka ƙanena mana."

"Ko dai ka ji da kunnenka saura nawa?"

Ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya ce, "Bakinka shi zai kashe ka, ɗan mace." Bai ce ƙarya nake ba.

Lokotoron, wato likitan, baƙar fata ne, mutumin bakin teku, Hausarsa a karye take amma ana ganewa. Ya sa Lawali ya yi fitsari cikin kwalba, ya ɗiga cikin wani ruwa shuɗi, ya ɗora a kan 'yar wuta. Muna kallo shuɗin nan ya koma ja kamar jar ƙasa. Ya kaɗa kai. Sannan ya ɗaure masa wani ƙyalle a damtse, ya yi ta matsa wata 'yar jakar roba har ƙyallen ya kumbura, ya sa abin saurare a kunne yana kallon wani agogo.

Ya ce cuta biyu ce. Ta farko sukari ya yi yawa a jini. Ta biyu jinin da kansa yana bugun jijiyoyi da ƙarfin da ya wuce ƙa'ida. Ya ce ban da zuma, ban da rake, ban da dabino, ban da duk abin da kiyashi ke so. Ya rage gishiri da kanwa, kada ya yi aikin da zai sa shi haki.

Shu'aibu yana saurare kamar ɗalibi. Da aka gama sai ya naɗe hannun riga ya miƙa damtsensa.

"Ɗaura mani nan, ka ga yadda jinin namiji yake."

Da ƙyar ƙyallen ya zagaye. Lokotoro ya matsa, ya saurara, ya cire, ya sake ɗaurawa, ya sake saurarawa. Ya tambaye shi ko ƙeyarsa na ciwo da safe, ko kunnensa na ƙara, ko yana haɓo. Shu'aibu ya ce duk yana yi, ai alamar ƙoshi ce.

"Kai ba ka da sukari," in ji lokotoro, bayan ya dafa nasa fitsarin shuɗi bai sauya ba. "Amma jininka ya fi na ƙanenka hawa. Sosai."

Shu'aibu ya juyo ya dube mu, fuska cike da fara'a. "Kun ji ko? Bakin lokotoro."

Mu nan, in aka ce mutum yana da jini, yabo ne. Wanda ba shi da jini shi ne abin tausayi. Lokotoro ya ga ba a gane shi ba, sai ya nuna wata salkar ruwa da wani Buzu ya rataye a bishiya a bakin ƙofa. Ya ce mu ɗauka salka biyu ce, sabuwa da tsohuwa, ana ta ɗura musu ruwa bayan sun cika. Duka biyu za su fashe. Shu'aibu sabuwa ce, amma ana ɗura mata da ƙarfi. Lawali tsohuwa ce, sukari ya riga ya cinye fatar, ko ruwan bai kai na yayansa ba, ita ta fi kusa. Ya ce wa Shu'aibu ban da gishiri, ban da kanwa, ban da kitse, ban da fushi.

A bayan kamyon muna dawowa, Shu'aibu ya cika ƙunci da taba da kanwa ya ce, "Ya ga ƙato ya rasa abin faɗa." Cikin duk bayanin nan abu biyu ya riƙe: jininsa ya fi na kowa ƙarfi, kuma zuma na kashe Lawali.

Ba a yi kasuwa biyu ba sai ga shi da goran zuma, farar saƙa, daga wajen Gabi. Bai aika da ita ba. Da kansa ya kawo, da la'asar, lokacin da dattawa ke zaune a ƙofar gidan Lawali suna duba shi, har da liman.

"Ga magani na samo ma ƙanena."

Liman ya ce madalla, zuma waraka ce, Allah ya faɗa a cikin littafinsa, Allah ya bar zumunci. Kowa ya ce amin.

Lawali ya ce, "Yaya, ai ka ji abin da lokotoro ya ce."

"Lokotoro ya fi Allah sani?" Shu'aibu ya tsiyaya zumar cikin ƙoƙo, ya miƙa. Sannan ya sassauta murya, yadda kowa zai ji. "Ko kana zaton na sa wani abu ciki? Faɗi, Lawali. Ga mutane. In kana zargin ɗan'uwanka da sammu, ka faɗa a gabansu."

Wanda bai san garinmu ba ba zai san nauyin wannan magana ba. A nan, ka ƙi abinci daga hannun ɗan'uwanka a bainar jama'a, ka ce masa maye ke nan, ka ce yana neman ranka. Ƙaramin da ya yi wa babba wannan ƙazafi ba shi da sauran bakin neman rabon gandu, dattawa ba za su ko saurare shi ba. Lawali ya san haka. Shu'aibu ya san ya sani.

Ya karɓa ya shanye. Shu'aibu ya ƙara masa.

Na ce, "Jama'a, zumar nan kashe shi take, ni na ji da kunnena a Maraɗi."

Aka bushe da dariya. Liman ya ce, "Haruna, kai dai ba ka barin wasan taubashi ko a kan majinyaci." Wani ya ce ai ni nake son a ba ni zumar. Nan na gane amfanin bakin ɗan mace: yana iya faɗar komai, don ba wanda zai ɗauka.

Haka aka ci gaba. Yau zuma, jibi dabino daga Buzaye, gata rake a fere a yanka ƙanana. Kullum da la'asar, kullum a gaban mutane, kullum Shu'aibu yana zaune har sai an haɗiye. Gari ya ɗauka da yabonsa: ka ga ɗan'uwa na gari. Idon Lawali ya fara hazo. Ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa bai ji ba, sai da Indo ta ga jini a tabarma, kuma mikin ya ƙi rufewa.

Indo ce ta gaji. Ta same ni a rumfata ta ce, "Baba Haruna, ka kai ni wurin mai gari. Ubana ba shi iya cewa komi, ni zan ce."

Na kai ta. Ta durƙusa ta yi magana ba kuka ba hayaniya: ubanta ya nemi rabo damina ta wuce, wata daminar ta zo ta wuce, ana ce masa bari. Mai gari mutum ne mai son a zauna lafiya, amma ya ga ƙafar Lawali. Ya sa rana, ya ce a haɗu a lambu da hantsi, a zo da igiya da shaidu.

Ranar, Shu'aibu ya iso fuska kamar an shafa mata jan baki. Ya ga igiya a hannun dogarin mai gari, ya ga Indo tsaye bayan ubanta, sai ya fara.

"Ranka shi daɗe, mace ce ta kira ni shari'a? Wagga da miji ya gudu ya bari? Ƙasar Yahaya za a yanka a ba bazawarar da ba ta san ko bazawara ce ba?"

Mai gari ya ce ya yi haƙuri. Ina! Jijiyoyin wuyansa suka tashi kamar igiyar guga. Ya nuna Lawali da yatsa.

"Ku dube shi! Wanga gawa mai tafiya zan raba ma ƙasa? Ku bari kaka ta wuce mana, ni na san ba shi kai..."

Bai ƙarasa ba. Yatsan da ya nuna ya sauko da kansa. Bakinsa ya zame gefe ɗaya kamar an ja shi da ƙugiya. Ya yi taku ɗaya, ƙafar dama ta ƙi binsa, ya kife cikin kwamin albasa.

Aka yi ta salati. Aznan da ke noma kusa suka ce iskar tabki ce ta mare shi. Liman ya ce a kawo rubutu. Wanzami ya zo ya kafa masa ƙaho a ƙeya. Ni dai salkar Buzun nan na tuna. Bai mutu ba. Ɓarin dama ya shanye daga fuska har ƙafa, harshe ya mutu, abin da ya rage masa sai ido da wani gurnani.

Da aka kwana biyu, mai gari ya kira Lawali, ni ma ina wurin. Tun da babba ba ya magana, riƙon gandu ya dawo hannun ƙarami, don Ɗan Azumi ɗa ne, ba ya tsallake baffansa.

"To, Lawali," in ji mai gari, "igiya na nan, shaidu na nan. Yanzu ba mai hana ka. A tahi a raba, ka ba ɗiyarka nata."

Lawali ya dubi ƙasa. Sannan ya ɗago, na ga wani abu a fuskarsa da ban taɓa gani ba.

"Ranka shi daɗe, yayana yana kwance. Ba shi da kyau a ce na yanka ƙasa yana cikin wannan hali." Ya ɗan murmusa. "Bari kaka ta wuce."

Mai gari ya ce wannan magana ta ɗan halak ce. Ni na bi shi har gida.

"Ka haukace? Abin da ka yi shekaru kana roƙo, an ɗora maka a tafin hannu."

"Rabi aka ɗora mani," ya ce. "In aka raba yau, igiya tsakiya za ta bi, rijiya ta faɗa ɓangarenshi. In ya riga ni, ni ne babba, ni ke nuna inda igiya za ta bi. Indo ta ɗauki rijiya da baƙar ƙasa, ɗanshi ya ɗauki rairayin tudu."

"In kai ka riga shi fa?"

"Haruna, ka gan shi kuwa? Salkarshi ta riga ta fashe."

"Tashi gefe ɗaya ta fashe. Taka ko'ina ta ruɓe. Mi lokotoro ya ce? Wace ta fi kusa?"

"Na sha zumarshi damina guda," ya ce a hankali. "Bari shi ma ya ji yadda jira yake."

Indo ta roƙe shi, har ta kama ƙafarsa mai lafiya. Ta ce ita rairayin ma ta yarda, in dai nata ne. Ya ce ta yi shiru, ba ta san ƙasa ba.

Washegari ya sa aka sayo ƙashin bayan sa da kitsen gadon baya. Ya tsaya a kan Indo har ta dafa, shi da kansa ya ɓare gishirin kantu ya zuba, ya ƙara, ya jefa kanwa, ya kwarara man shanu a kai. Ya ɗauki kwanon ya ɗingisa zuwa gidan yayansa da rana tsaka, lokacin da masu dubiya suka cika ɗaki.

"Ga romo na kawo ma Yaya, ya ji ƙarfin jikinshi."

Liman ya ce Allahu akbar, jiya babba ke ciyar da ƙarami, yau ƙarami ke ciyar da babba, haka gidan Yahaya yake. Shu'aibu ya ga kitsen yana yawo a kan romo. Yanzu kam ya yarda da lokotoro, na gani a idonsa. Ya datse ɓangaren bakin da ke motsi, ya kau da kai yana gurnani.

"Yaya, ƙi kake?" Lawali ya ce, da murya mai taushi. "Ko kana zaton na sa wani abu ciki?"

Ɗan Azumi ya ji kunya ta kama shi a gaban mutane. Shi bai je Maraɗi ba, bai san komai ba. Ya ce, "Haba Baba, baffa ne fa." Ya tallabe kan ubansa, ya buɗe masa baki da yatsa. Lawali ya ɗura da ludayi. Rabi ya shiga, rabi ya bi gemu. Ya sa gefen rigarsa ya share masa, ya sake cikawa.

Na faɗa, wannan karon ma. Aka ce ɗan mace ya ga romo yawunsa ya tsinke.

Lawali ya zama wani mutum. Shi da aka ce kada ya yi haki, ya koma lambu yana jan ruwa da kansa, don a ga mai gandu. Ya daina shan zuma, gaskiya ne, amma romon nan sai ya ɗanɗana a gaban mutane kafin ya ba yayansa, don kada a ce wani abu, kuma ɗanɗanon ba kaɗan ba ne. Ƙafafunsa suka kumbura. Na sha ganinsa ya saki guga ya dafe ƙirji, yana murza hannun hagu, zufa na karyo masa da sanyin safiya. In na yi magana ya ce ƙwarnafi ne, ya jiƙa kanwa ya sha.

"Jiya ya ƙware sau biyu," yakan ce mini, kamar mai ba da labarin kasuwa. "Idonshi ya ƙara ja. Ba shi kai girbi."

"Lawali, kira mai gari yau."

"Bayan kaka."

Gero ya fara nuna, mutane duk suna gona, masu dubiya sun ɗauke ƙafa. Lawali bai fasa ba ko da ba mai kallo. Ranar ya tafi da kwanonsa da rana tsaka kamar kullum. Indo ta ga la'asar ta yi bai dawo ba, ta bi sawu.

Ta same shi a zaune ya kife, kansa a kan matacciyar cinyar yayansa, ludayi a hannu, romo ya malale a tabarma ya daskare. Jikinsa ya riga ya yi sanyi. Shu'aibu yana kwance ƙarƙashinsa tun azahar, ba ƙarfin turewa, ba bakin kira, ido a buɗe. Kiyashi sun jeru a kan tabarmar.

An yi jana'iza mai kyau. Liman ya ce Lawali ya mutu yana ciyar da ɗan'uwansa, wace cikawa ta fi wannan.

Bayan sadakar arba'in Ɗan Azumi ya sa aka gyara shingen lambu, ya yi masa ƙofa. Ya ce wa Indo, ba da faɗa ba, daga yau in tana son tattasai ta aiko a tambaya. Na sake kai ta wurin mai gari. Ya saurare ta har ta gama, ya ce, "Ɗiyata, ni da bakina na tambayi ubanki, ga Haruna nan shaida. Mi ya ce?"

Ta dube ni. Na faɗi abin da ya ce.

Shu'aibu bai mutu a kakar nan ba, bai mutu a wadda ta biyo ba. Ɗan Azumi bai ga dalilin ɓata nama a kan rabin mutum ba. Romo ya tsaya, taba ta tsaya, kitse ya tsaya. Kunu tsararo matarsa take dama wa tsohon, ba gishiri ba mai, in ta tuna. Tumbin ya sace, wuyan ya koma wuya, jan idon ya washe. Abin da lokotoro ya roƙe shi ya yi don ransa, rowar ɗansa ta yi masa. Kuma muddin yana numfashi lambun da sunansa ake kira, Ɗan Azumi ba ya iya sayar da ko kwami ɗaya. Na ji shi wata rana yana tambayar wanzami, wai irin wannan cuta takan daɗe?

Indo tana sarin albasa a ƙofar lambun ubanta, kamar kowace mace, ta kai kasuwa ta sayar. Hanyarta ta gaban gidan Shu'aibu take bi. Da safe mutanen gidan sukan fito da shi su jingina da bango ya sha hantsi, su tafi harkarsu. Rannan muna tafe tare, ita da tallenta a ka, ni ina baya. Kunun da aka ba shi ya zube a kan mataccen hannun, kiyashi sun hau har gwiwar hannu suna aiki. Shi ba ya jin su, amma yana ganinsu. Ya ɗago ido ya dube ta. Ɓangaren bakin nan da ya janye sama ya sa ba ka sanin ko dariya yake ko roƙo.

Ta rusuna yadda ake rusuna wa uba.

"Baba Babba, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?"

Ta tsaya kamar mai jiran amsa. Sannan ta gyara gammo, ta miƙe, ta wuce. Kiyashin ta bar masa.